Likkafanin Adda Kulu da Agogon Alƙibla a Kan Keke

Daga Ƙofar Kware

Mun bar gidanmu na Ƙofar Kware, cikin birni, ana idar da sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, ni da ɗana Sahabi a kan kekensa. Zamanin mulkin soja ne, shekarun da kuɗin mai suka kai kowa Makka, amma ka je tasha ka tarar da motoci jere babu mai. Ko da akwai shi, mota ba ta shiga Gidan Tambai da damina.

Ga abin da ya tashe ni. Yayata Adda Kulu, uwa ɗaya uba ɗaya, a Gidan Tambai take aure tun ban yi wayo ba. Shekarar da na sauke farali na sayi farin yadi, na tsoma shi a zamzam, na shanya, na kawo mata. Ta ce in ajiye a wurina don gara ta yi yawa a ɗakinta. Ta kuma sa na ɗauki alkawari: ni zan wanke ta, ni zan sa mata shi. Ana gobe za mu tashi, wani mai kawo gero kasuwa ya biyo gida ya ce Adda ta daina karɓar ko kunu. Gawa kuwa ba ta jiran baƙo.

Hanyar da na sani ta fadama ce, ruwa ya cinye ta. Saura ta tudu, cikin gonaki, wadda ni da Sahabi babu wanda ya taɓa bi. Jagora biyu aka ajiye mini in zaɓa. Akwai Labbo mai koli, maƙwabcinmu, wanda ke zaga ƙauyukan nan da keke, amma ba ya wuce gari sai ya kwance kaya, mata sun taya madubi da kwalli. Akwai kuma agogon alƙibla da Sahabi ya sayo a Makka, ɗan ƙaramin abu kamar murfin gwangwani, da allura tana rawa a ciki.

"Inna, Gidan Tambai gabas take da Kware, kusan saitin alƙibla," in ji Sahabi. "Wanga abu ba shi tsayawa ciniki, ba shi gaisawa da kowa."

Na juya abin a hannu, na duba gaba da baya. Na san bakin Labbo. Na ce a tafi da agogo. Sahabi ya ɗaure shi da robar taya a tsakiyar kan keke, dab da fitila, yadda zai riƙa gani yana tuƙi. Ni kuma na ɗaura likkafanin a baya kamar goyo, na lulluɓe da mayafi.

Gada zuwa Kware

A bakin gada sojoji sun gitta katako. Wani dogo ya zo ya nuna bayana da baki.

"Mama, yaro ne?"

"Likkafani ne."

Ya ja da baya, ya janye katakon da kansa.

Kwalta ta kai mu Kware da hantsi. Ƙashin bayana ya san ƙarfen keke ranar, duk da tsumman da na shimfiɗa. Mun sha fura a gindin wata bishiyar bedi, a tsaye, don na san in na zauna tashi zai yi wuya. Mai furar ta nuna mana inda hanyar tudu ta fita bayan gari, ta ce daga nan sai mu yi ta tambaya. Sahabi ya buga kan keke da tafin hannu ya ce mun zo da mai ba da amsa.

Cikin gonaki

Wanda bai shiga gona da tsakiyar damina ba ba zai gane ba. Gero ya fi mutum tsawo dama da hagu, hanya ba ta fi faɗin tabarma ba, hadari ya rufe rana ruf, babu inuwa balle ka san gabas. Hanya ta rabu biyu, Sahabi ya dubi allura ya ɗauki ɗaya. Ta sake rabuwa, ya sake dubawa.

Ni ina baya ina lura. Mun ɗauki hagu, ya ce daidai. Mun sake ɗaukar hagu, ya ce daidai. Iskar da ke bugun kuncina na dama ta koma ƙeyata.

"Sahabi, abin nan ya taɓa ce maka a'a tun da muka shigo?"

"Ai don muna kan hanya ne, Inna."

"Ni dai ban yarda da bakin da kullum i yake cewa ba."

Ya yi dariya, ya ƙara taka feda. Mun wuce wani mai noma a gonarsa, na ce a tsaya a tambaya, ya ce ɓata lokaci ne. Ƙasa ta sauya daga baƙa zuwa jan yashi, alhali Gidan Tambai a bakin fadama take.

Wani ƙauye da ban riƙe sunansa ba

Kiran azahar ne ya jawo mu cikinsa. Bukkoki kaɗan ne da masallacin zana. Sahabi ya jingine keke, ya dubi masallacin, ya dubi agogonsa, ya rage murya.

"Inna, masallacin mutanen ga a karkace yake. Kudu suka dosa."

"Kai da ka zo yanzu ka fi kakanninsu sanin gabas?"

Limamin, wani tsoho mai farin gemu, ya ji mu. Bai yi fushi ba. Ya ce, "Alhaji, kawo mu gani. In mun karkace mu gyara."

Sahabi ya kwance robar, ya ɗora agogon a tafin hannu, ya taka zuwa ƙofar masallaci. Ina kallo allurar ta yi lilo, ta juya, ta tsaya. Saitin masallacin ta nuna, ko kaɗan ba ta kauce ba. Ya koma ya kanga ta jikin keke, ta karkace. Ya janye, ta dawo. Ƙarfen keke da fitilar ne ke jan ta, tun daga Kware abin da take bi ke nan, mu kuma muna bin ta.

Liman ya ce mun yi arewa da nisa, Gidan Tambai tana bayanmu ta dama. Gumi ya keto wa Sahabi. Na ce masa ya yi alwala. Salla ba ta jiran wanda ya ɓata.

Matar liman ta ba ni ruwa da ɗan dambu, ta dubi goyona ba ta tambaya ba. Da muka tashi na karɓi agogon na ƙulle a bakin zane. Daga nan duk inda hanya ta rabu, Sahabi ya sauka, ya yi nesa da keke, ya duba a tafin hannu. Duk wanda muka gamu da shi kuma, mai noma ko mai kiwo, na tambaye shi da bakina. In maganar mutum ta dace da ta allura, mu wuce. A wani rafi Sahabi ya ɗauki keke a kafaɗa, ni na ɗora likkafanin a ka, ruwa har ƙugu.

Gidan Tambai

La'asar ta wuce muka shiga. Tun daga nesa na hangi maza zaune a ƙofar gida, da makara jingine a bango. Na sauka tun keke bai tsaya ba.

Adda ta cika ana kiran azahar. An haƙa kabari, an sayo yadi a wurin telan gari, maza suna ta aike a miƙo ta kafin ruwa ya sauko. Ɗiyarta Hajo ce ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ta miƙe ƙafafu. Kawunta ya yi magana, liman ya yi, ta ce uwarta ta faɗa mata wadda za ta wanke ta, kuma an aika mata. Da ta gan ni ba ta yi kuka ba. Ta janye ƙafafunta kawai.

"Inna ƙarama, ga ta nan. Ban bari kowa ya taɓa ta ba."

Na wanke yar'uwata da ruwan magarya, dama kafin hagu, kamar yadda uwarmu ta koya mana. Na tsefe mata kai. Yadin na yage shi da hannu, Hajo tana riƙe mini gefe. Ko ɗigon ruwan rafi bai taɓa shi ba. Aka sallace ta, aka kai ta, maza suna dawowa ruwa ya sauko.

Komawa

Sai da aka yi sadakar uku muka juyo. Mijin Hajo ya raka mu a kekensa har kwalta. Sai da muka hango gada Sahabi ya ce, ba tare da ya waiwayo ba:

"Inna, da ban ɗaura shi a ƙarfe ba, da mun iske ta da rai."

"Ba kai ke riƙe da ranta ba. Ka kai ni, na cika alkawari. Tuƙa."

Na dafa bayansa har muka shiga Ƙofar Kware ana kiran magariba.

Godiya ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu. Allah Ya saka wa limamin nan da matarsa, da Hajo da ta tsare ƙofa. Adda Kulu, Allah Ya sa kin huta, Ya kyautata namu zuwan.