Haruffa Uku da Shagon Baba Yohanna

Yara, ni ɗan Maradun ne. Ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye gonar mahaifinmu, na taso ina dakon buhunan shinkafa a Talata Mafara. Ban yi boko ba.

Baba Yohanna ne ya ɗauke ni aiki. Tsohon akawu ne, baƙo a garin, yana da shagon buga takardu da kwamfuta ɗaya mai ƙaton kai. Ni ke shara, ni ke ta da janareta. Kwano ɗaya muke ci.

Wata rana ya kira ni gaban kwamfutar. "Ɗan Maradun, wannan tsohuwar ba ta kwance buhu ta ga abin da ke ciki. Ka ga haruffa ukun nan a wutsiyar sunan kowane fayil? Su take dubawa ta san hoto ne ko takarda. In aka sauya su, sai ta ce ba ta san shi ba."

Ban iya karatu ba, amma na haddace siffarsu.

Da hotunan bikin wani tela na fara. Baba ya fita, na sauya wutsiyar, suka ƙi buɗewa. Na ce wa telan cuta ce a kwamfutar, kada ya faɗa wa tsoho ya ji kunya, ina da mai gyara. Ya biya, na mayar da haruffan. Daga nan sai ɗalibai, sai manoman rani. Magana ta zaga gari cewa kwamfutar Baba tana cin aikin mutane. Shago ya bushe, Baba bai san dalili ba.

Wani malamin makaranta daga Bakura da na yi wa haka ya kai faifan takardunsa Sakkwato a duba, aka ce masa ba cuta ba ce, hannun mutum ne. Aka kama ni, aka ɗaure ni. Babu mai zuwa duba ni sai Baba, da garin kwaki da ƙuliƙuli.

Da na fito, gidansa na nufa. Na durƙusa. "Baba, ɓarawonka ya dawo."

"Ni ba tsohuwar kwamfutar nan ba ce," in ji shi. "Na kwance buhun tuntuni, na san abin da ke ciki. Wanke hannu, tuwo na hucewa."

Na tuba ga Allah. Yau kwatar ruwa nake gyarawa a gonakin rani.

Yara, abin da aka koya muku don ƙauna, kada ku cuci mai shi da shi. Baba ya yafe mini. Shagon dai bai sake buɗewa ba.