Yadda Kubura Ta Samu Gidan Kansil

Kubura 'yar Gumel ce, tana aikin kula da tsofaffi a Manchester. Tun rasuwar mijinta take zaune da 'ya'yanta uku a ɗaki ɗaya a unguwar Cheetham Hill, bango ya yi baƙi saboda danshi, autarta Shifa kuwa kullum tari.

Ta daɗe tana neman gidan kansil, irin wanda ƙaramar hukuma ke bayarwa haya da sauƙi, amma gidajen kaɗan ne, wanda ya fi matsuwa ake fara ba. Kubura kuwa duk ranar da ma'aikaciyar kansil za ta zo dubawa, sai ta goge bango tas, ta naɗe katifu, ta kunna turaren wuta. In an tambaye ta ya zama, ta ce, "Lafiya lau, mun gode Allah."

Da yayarta Ramatu ta zo daga Birmingham ta ji haka, ta riƙe haɓa. "Ke Kubura, surukarki ce za ta zo? Kin ce lafiya lau, ita ma lafiya lau za ta rubuta."

Zuwa na gaba Kubura ba ta taɓa tsintsiya ba. Kunya kamar ta nutse, amma ta janye labule da hannunta ta nuna bangon, ta faɗi yadda Shifa ke kwana.

An ɗan jima kafin gidan kansil ya fito mata a unguwar Moss Side. Yanzu maƙwabta har ƙorafi suke yi: Shifa ta cika guje-guje a matakala.