Mai Latsa Gwanda

Mai gwanda tana zaune bayan tirenta, ta zuba tagumi tana kallon wani bawan Allah da ya zo duba lafiyar kayanta. Dogo ne siriri, tabarau a bakin hanci, rigarsa ta sha guga har tana ƙyalli. Babban yatsansa kuwa faffaɗa ne kamar cokali, kuma da shi yake aikin.

Sai ya ɗauki gwanda ya latsa, ya kai ta kunne kamar za ta faɗa masa wani sirri. "Wannan ai dutse ce," in ji shi. Ta biyu ta cika laushi, gobe sai ruwa. Wata kuma bayanta ya ja, amma cikinta da saura. Duk wadda ya ajiye sai ya bar mata ɗan rami na tunawa da shi, wanda kafin la'asar zai yi baƙi, ya kori mai saye.

A ranta tana cewa, wannan a gidansa ko gishirin miya ba a tambayarsa. Nan kaɗai yake yanke hukunci, don gwanda ba ta musu.

Ga shi ya sake zagayowa kan wata kore shar da ya sha murzawa. Yatsan ya nutse, fuskarsa ta washe.

"Yauwa! Ga nunanniya nan. Ɗazu ina kika ɓoye ta?"

"Ban ɓoye ba, Malam," ta ce, tana buɗe leda. "A hannunka ta nuna. A sha lafiya."