Ramar Kaka a Ɗakin Ajiya

Laifina ne, gara in faɗa tun farko. Hoto ɗaya na ɗauka da waya, na tura wa abokaina na fada, inda muke taruwa shan shayi a bakin kwalta, na rubuta a ƙarƙashinsa cewa ga ganyen da ke tayar da marar lafiya, kuma ba na sayarwa ba ne. So nake su yi dariya su ce na iya. Shekarata goma sha shida a lokacin, bakina ya riga hankalina girma. Idan na ga ɓera a kicin, kafin in kai ƙofar gida ya zama tunkiya.

A unguwar Yantala muke a Yamai, a gidan haya mai tsakar gida ta siminti, wadda muke rabawa da wani tela da iyalinsa da ragonsa. Baba direban babbar mota ne, mutumin Maradi, yakan yi kwana goma bai kwana a gida ba. Mahaifiyarsa tana tare da mu tun ban yi wayo ba. Kaka muke ce mata, ita kuma maigida take kirana, irin wasan kaka da jika, takan ce ba ta taɓa ganin miji mai ci bai kawo cefane ba sai ni.

Da can tana da ɗan fili a bakin kogi inda take shuka rama da yakuwa. Ambaliya ta ci filin, ƙafafunta kuma suka gaza. Abin da ya rage mata shi ne ƙullin tsumma a ƙasan akwatinta, cike da irin rama, wanda ta ce daga gonar mahaifiyarta ya fito, shekara bayan shekara ana shukawa ana cirewa.

Da bazarar wannan shekarar ta kwanta. Ta daina cin abinci sai kunu, shi ma cokali uku. Wata malamar asibiti tana zuwa gida tana sa mata ƙarin ruwa. Wata rana da la'asar ta ce wa Mama tana marmarin kwaɗon rama. Mama ta aike ni kasuwa a guje, aka dafa, aka kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Kaka ta ɗanɗana ta ture kwanon, ta ce wannan ciyawa ce aka yi wa suna. Tata take so.

Mama ta kalle ni, na kalli Mama. Damina da saura, kuma babu wanda ya faɗa da baki, amma kowa a gidan ya san ba lallai Kaka ta ga ruwan farko ba.

Na karɓi ƙullin. Rabin irin na shuka a bokitai a tsakar gida, suka tsiro tsaf, na je na ba Kaka labari cewa sun kai gwiwata alhali ba su wuce ɗan yatsa ba. Rana ta shida na dawo daga lakkwal, wato makaranta, na tarar ragon tela ya gama da su, yana tsaye yana tuƙa yana kallona kamar in ƙaro masa. Tela ya ba da haƙuri. Haƙurin bai mayar da irin ba. Abin da ya rage bai cika cokalin shayi ba.

Daga nan na koma ɗakin ajiya, wani ɗan tsukuku da ke jikin ɗakin Kaka, marar taga, mai ƙofar ƙarfe da rago ba ya iya turewa. Na sha ganin bidiyon Turawan ƙasashen sanyi suna noma a cikin ɗaki da fitilu. Na sani sarai yawancinsu ba rama suke nomawa ba, wiwi ne. Ni dai wayoyin da fitilun nake kallo, don ina lakkwal daga safe har rana, Mama tana fama da jinya, kuma na san halina da mantuwa. Sai dai ɗakin ya kula da kansa.

Kwana huɗu na yi ina haɗawa. Wani mai aski a Zongo ya ba ni tsofaffin fitilun shagonsa, irin masu tsawo kamar igiya, masu haske ruwan hoda. Na liƙe bango da takardun biskit masu ƙyalli har ɗakin ya zama kamar cikin gwangwani. Na cire ƙaramin famfo daga mataccen injin sanyaya ɗaki na jefa shi a bido, wato jarkar ruwa. Na samo agogon kuran, wato na lantarki, a kasuwar tsofaffin kaya, wanda ke kunna wuta ya kashe da kansa a lokacin da aka sa masa, na haɗa da batirin babur saboda ɗaukewar kuran. Kuran ɗin ya ja ni sau biyu. A fada na ce sau goma sha huɗu ne, kuma na uku ya ɗaga ni sama har na taɓa kwanon rufi.

Abu ɗaya ya gagare ni, yadda ruwan zai riƙa sauka a hankali a gindin kowace shuka. Sai na ga malamar asibiti tana naɗe siririn tiyon ƙarin ruwan Kaka za ta jefar. Yana da ɗan gare-gare da ake murzawa, ɗigon ya ƙaru ko ya ragu. Na roƙe ta, ta cire allurar ta ba ni. Haka na riƙa tara su ina wankewa. Ban yi tunanin komai ba sai ranar da na tsaya na ƙirga tiyo goma sha ɗaya suna ɗiga a kan tukwane goma sha ɗaya da na shuka ragowar irin a ciki, na tuna kowanne daga hannun wa ya fito. Wannan ban ba da labarinsa a fada ba.

Agogon yana yin ƙara idan ya kunna famfo, ƙat, da hantsi da kuma bayan la'asar. Kaka tana ji ta bango. Idan na dawo takan ce, maigida, gonarka ta sha ruwa, ni ce dai ban ga komai ba. Ta fara tambayar ganye nawa suka yi. Na daina ƙara mata, don na lura tana riƙe lissafin a ka.

Wanda bai taɓa shuka rama ba bai san wannan ba: ganyen farko a dunƙule yake fitowa, amma na sama, idan ta tasa, sai ya rabu kamar yatsun hannu. A ƙarƙashin hasken nan ruwan hoda, sak zanen ganyen wiwi da ke jikin huluna da rigunan wasu samari. Na gani, abin ya ba ni dariya, na ɗauki hoton nan.

Kwana uku ya ishe shi zagaye unguwa. Mama ta dawo daga wani suna ba ta cire mayafi ba ta zauna a bakin gado, ta ce mata sun yi shiru da ta shiga. Ranar Alhamis Baba ya dawo daga tafiya, a ƙofar masallaci wani ya ja shi gefe ya nuna masa waya. Ya shigo gida ya wuce ni, ya buɗe ɗakin ajiya ya daɗe a tsaye. Ɗan manomi ne, kallo ɗaya ya ishe shi.

"Na san rama ce," ya ce. "Amma ba zan iya kamo hannun mutanen Yantala ɗaya bayan ɗaya in kawo su ɗakin nan ba."

Ya ce mai gidan hayarmu ya kira shi, zai zo gobe bayan sallar Juma'a, idan ya tarar da abin da aka nuna masa zai kira ƴan sanda kuma mu tattara kayanmu. Ya ce in tuge su kafin a tafi masallaci, in zuba a buhu. Na ce sati ɗaya kawai suke bukata, na Kaka ne. Ya ce ya sani. Muryarsa ba ta faɗa ba ce, ta gajiya ce, kuma da ya kwashe ni da mari da ya fi mini sauƙi. Ya miƙa hannu ya cire wayar agogon daga bango da ta batirin, ya ce kada wanda ya gaya wa tsohuwa.

Da safe na shiga da buhun. Na kama ta farko a gindi, ƙananan ƙayoyin jikinta suka soke ni, na saki. Na zauna a kan bido har aka kira salla ban tuge ko ɗaya ba.

Mai gidan ya zo daga Koira Kano, unguwar manya, da farar shadda da tabarau. Dattijo ne mai mutunci, tsohon ma'aikacin ofis, haifaffen Yamai. Yara sun cika ƙofar gida, tela ya fito da almakashi a hannu ya manta bai ajiye ba. Baba ya buɗe ƙofar yana zaton ɗakin wayam ne, ya ga shukokin a tsaye, ya juyo ya kalle ni. Mai gidan ya leƙa, ya duba wayarsa, ya sake leƙawa, ya ce shi ne. Baba ya ce, Alhaji, wallahi rama ce. Ya ce shi ya san rama, tun yana yaro yake cinta, ba haka take ba.

Sai muka ji muryar Kaka ta bango. Ta ce tun jiya da la'asar agogon maigidanta bai yi ƙara ba, ita ba kurma ba ce, a zo a ɗauke ta.

Ni da Baba muka ɗauko ta a kujerar roba. Na shirya ƙarfina na ɗaga, sai kujerar ta taso kamar babu kowa a kai. Wannan ne karo na farko da ta ga ɗakin. Ta kalli takardun biskit, ta kalli tiyoyin, na ga ta gane su. Ta shafa jikin shuka ɗaya daga ƙasa zuwa sama, ta tsinki ganye biyu, ta sa ɗaya a baki, ta miƙa wa mai gidan ɗayan.

"Ɗana, tauna."

Ya ja baya kaɗan. Amma tsohuwa ta kira ka ɗanta a gaban mutane, hannunta a miƙe, babu yadda za ka yi. Ya karɓa ya tauna. Tsamin ya tattare masa fuska. Ya cire tabarau ya goge, ya ce a hankali, rama ce. Ya ce shi a kwano kawai ya santa, dafaffiya da ƙuli-ƙuli, bai taɓa ganinta a tsaye ba. Ya durƙusa ya ba Kaka haƙuri. Ta ce ba shi ya ɗauki hoton ba, ta juyo da ido inda nake.

Na ɗauka an gama. Sai mai gidan ya bi wayoyina da kallo, ya ga inda na ɗaure su da leda, da inda tsirarar waya take lilo a saman bidon ruwa. Ya ce wannan kam yau za a kwance shi, ba zai bari a ƙone masa gida da mutane a ciki ba. Na buɗe baki zan yi gardama, Baba ya ce gaskiyarsa ce. Gaskiyarsa ce kuwa.

Kaka ta ce to a tsinke yau, ita ma ba ta da satin da za ta ba kowa. Tara za a tsinke, a bar biyu don iri, kuma a fitar da biyun ƙofar gida a ajiye inda duk mai wucewa zai gani ya tsinka ya tauna idan yana so. Ni ta sa na ɗauke su, na zauna kusa da su har magariba ina amsa tambayar mutane. Abokaina na fada sun zo, ba wanda ya yi dariya.

Mama ta dafa ganyen ta matse. Shuka tara, da aka gama bai wuce dunƙulen hannu ba. Ta daka ƙuli-ƙuli, ta yanka albasa, ta sa yaji kaɗan da mai. Baba ya tallafo Kaka ta jingina da ƙirjinsa, ni na riƙe kwanon. Ta ɗiba da yatsu uku ta daɗe tana taunawa. Ta ce tata ce, ta ji ta, sai dai tsamin bai kai ba, don ba ta taɓa ganin rana ba.

"Amma ka kawo cefane, maigida," ta ce. "Yau ɗaya dai."

Biyun da na fitar ƙofar gida ba su saba da rana ba. Kwana biyu suka yi, ganyen ya yi fari ya zube, ko fure ba su kai ba. Na mayar da su inuwa, na yi ta ba su ruwa da hannu, ba su dawo ba. Irin ya ƙare a nan. Tsumman yana wurina.

Na sha ba da labarin nan a fada, kuma a can nakan ce Kaka ta cinye kwanon tas har ta nemi ƙari. Loma biyu ta yi. Ta rasu bayan kwana goma sha ɗaya, ranar Talata da hantsi, ruwan farko bai sauka ba.