Hancin Bawa Mai Kaji

Duk wanda ya san taubashina Bawa Mai Kaji na unguwar Minanata ya san shi rub da ciki. Kowace safiya sai ya shiga ɗakin kajinsa, ya kwanta cikin ɓuntun shinkafar da ake shimfiɗa musu, ya ja numfashi. In warin kashinsu ya yi masa yaji a ido, ranar ba mai hutawa sai an kwaso sabon ɓuntu daga Wamakko.

Na ce, "Bawa, kai ba ka iya shinshinawa daga tsaye?"

Ya ce, "Hancinka na bisa, nasu na ƙasa. Mi kas sani?"

Zamanin soja, da kuɗin mai suka shigo, babban ɗansa ya samu kwangila, ya gina masa ɗakin kaji na bulo da kwano, har da tagogin gilashi. Mako guda da zuba kaji aka tara mu walima. Bawa ya shiga da babbar rigarsa, ya kwanta, ya fito yana hawaye. Muka ce Allah sarki, murna ce. Ashe guduma ya tafi nema. Kafin la'asar ya huda bangon gabas da na yamma, ya ja raga.

Yaron ya ce, "Baba, simintin ga mai tsada ne hwa."

Ya ce, "Shina numfashi?"

Shekara da shekaru yana shaƙar abin da yake hana kajinsa shaƙa, har tari ya kama shi. Likita ya ce ko kajin ko ƙirjinsa. Ya yi gardama har ya gaji, sannan ya yarda zai rabu da su, amma sai ya ga inda za su zauna. Wani attajirin hatsi mai son sayensu ya kai shi gidansa cikin sabuwar mota. Bawa ya kwanta a ɗakin kajin, ya tashi ya karkaɗe riga.

"Alhaji, ko ɗan tsako ba ni ba ka."

Malama Rifkatu, mai koyarwa a firamaren Ƙofar Dundaye, ita ya ba wa duka, kyauta, don nata ɗakin zana ne da raga, iska na ratsa shi.

Ranar da aka kwashe su na same shi zaune bakin ƙofa, ƙirji na ƙugi. Na zauna kusa da shi.

Ya ce, "Taubashi, yau ba tsiya?"

Na ce babu. Wallahi tausayinsa ya hana ni tsokanarsa.

Bai ga damina ba. Allah Ya jiƙan Bawa, Ya yalwata masa kabari, Ya sa iskar aljanna ta riƙa ratsa shi. Amin.