Dogon Namijin Alkama Daga Zurmi

Da can alkamar fadamarmu doguwa ce, iska na kwantar da ita. Yanzu gajera ake yayi. Ɗan ƙanena Bashiru, mai binciken iri, ya ba aminina Alhaji Ummaru na Shinkafi iri biyu ya gwada auratayya: gajerar mace wadda ba ta yin ƙwaya ita kaɗai, da dogon namiji mai zubo mata garin fure daga sama. Sai saƙo ya zo cewa gonar na neman tashi a banza.

Kaura Namoda

Na fito bayan asuba. Shekarar aka fara Shari'a, motar mata daban. Direba ya ce, "Baba, gaba ko baya?" Na ce inda ƙafa za ta miƙe. Ya sa ni kusa da buhun albasa.

Shinkafi

Na ga gonakin alkama a Sudan da Masar, ban taɓa ganin mai kyawun ta Ummaru ba. Kai ɗaya, sumul.

Na ce, "Alhaji, ina dogayen?"

"Na yanke su na ba rago. Maƙwabta na cewa gonata ta yi kama da askin ɗan koyo."

"To, mazan ka yanke."

Ya ce ai ga tasa gajerar alkamar a gefe, za ta yi aikin mazan. Na faɗa masa abin da Bashiru ya koya mini: halin da ke gajarta kara shi ke sa fure ya noƙe cikin zangarniya, gari kaɗan ke fita.

Ya dubi ragon.

Zurmi

Wani manomi a can shi ma ya karɓi irin Bashiru, dogayensa na tsaye. Ni da Ummaru muka nufi wurinsa. Muka ci tuwon dawa a gidansa, muka kwana. Da safe ya yanko mana zangarniyun da ba su buɗe ba, muka tsoma gindinsu a bokitan ruwa.

A shingen hanya ɗan sanda ya leƙo. "Alhazai, mi ag ga bokiti?"

Ummaru ya ce, "Abincin rago ne, amma ya tuba."

Mun isa Shinkafi wandunanmu a jiƙe. Furen na buɗewa muka bi layi-layi, dattijai biyu, muna kaɗa zangarniyu bisa gajerun. Maƙwabtan nan suka hau kunyar gona suna kallo.

Gida

Na dawo Kaura da ciwon kafaɗa, na gode wa Allah da mutanen Zurmi. Ƙwayar da aka samu ba ta da yawa, amma ta isa iri. Tun daga shekarar Ummaru bai ƙara daidaita kan gonarsa ba.