Safar da Mis Verna Ta Ɗinke

A watan Agusta na 1968 Verna Tillery ta fara haɗuwa da Cleophus Gaddy, ranar da ta kama aikin wanki a Kwalejin Harlow, can cikin jihar Mississippi ta Amurka. Shi ne mai kula da kayan 'yan ƙwallon Amurka na kwalejin, tun daga hulunan kwano har takalma. Ya turo mata kwandon riguna casa'in, ya ce, "Mis Verna, in kika kai Kirsimeti a ɗakin nan, ki canza min suna." Ta yi Kirsimeti talatin da ɗaya a ɗakin.

Mace ce gajera, mai rera waƙa a coci, wadda ba ta iya ganin maɓalli yana lilo ta wuce. Ba ta taɓa bin ƙungiyar zuwa wani gari ba. Cleophus kuwa bas ɗin ƙungiya shi ne duniyarsa. Kujerarsa tana bayan direba, ranar wasa kuma yana tsaye a gefen fili da tawul a kafaɗa, ba abin da ya fi so a rayuwa kamar wannan.

A 1986 Harlow ta buga wasa goma, ta sha kashi a goma. Da aka shiga kakar wasa ta 1987 sai ga shi sun ci wasan farko, 14 da 10. Nan take kyaftin ɗinsu, wani ƙato mai suna Lamar Pickens, ya kafa doka: safar da aka ci wasa da ita ba za ta ga ruwa ba har kaka ta ƙare. Koci Rainey ya amince. Shi kansa yana da rigar da ba ya canzawa.

Mis Verna ta daure sati biyu. A na uku ɗakin canza kaya ya gagari shiga, tsakanin yatsun ƙafar 'yan wasa huɗu kuma ya fara tsagewa. Ran Litinin da safe, suna aji, ta kwashe safar duka ta dafa su a tafasasshen ruwa da sabulu marar ƙamshi. Da suka bushe ta kai su bayan fili tana goga musu jar ƙasa da ɗanyar ciyawa. A nan Cleophus ya same ta a tsugune.

"Shekara goma sha tara ina ganin kina fitar da datti," in ji shi. "Yau kuma mayarwa ake yi?"

"Ɗan'uwa Cleophus, ko ka kama min, ko ka wuce."

"In Koci ya ji, kashinki ya bushe."

"To, wa zai gaya masa? Kai da ba ka iya gama magana sai shayi ya huce?"

Ya tsuguna ya kama mata. Haka suka riƙa yi duk Litinin, Harlow kuma tana ta cin wasa. Suka ci takwas a jere. A shagon aski ba a zancen komai sai albarkar safa.

Abin da ya ɓata lamarin shi ne wata huda a dunduniyar safar Lamar. Sati biyar Mis Verna tana kallonta tana kawar da kai. Ana jibi wasa na tara hannunta ya riga tunaninta, ta ɗinke ta tsaf.

Wasan a garin abokan hamayyarsu aka yi, ita tana gida. Saura rabin sa'a a fita fili, Lamar ya zura ƙafa, bai ji hudarsa ba. Ya juya safar, ya shinshina, ya ɗaga ta sama. "Wa ya taɓa min safa?"

Cleophus ya dubi fuskoki casa'in, ya ce, "Ni ne. Na wanke su."

Suka sha kashi, 20 da 17. Koci Rainey bai kore shi daga aiki ba, amma ya ce daga ranar ba shi ba bas, ba shi ba gefen fili. Wasan ƙarshe ta taga ɗakin kaya ya kalle shi. Ya ci gaba da zuwa aiki, yana goge huluna, sai dai zolayar ta ragu. Da Mis Verna ta buɗe baki za ta yi magana, sai ya ce, "Ke da 'ya'ya uku a makaranta? Bar shi a kaina."

Ta bar shi har Janairu. Sannan wata Talata ta sa hular cocinta, ta hau ofishin Koci, ta ajiye safar Lamar a kan teburinsa.

"Koci, dubi ɗinkin nan. Ka taɓa ganin Cleophus ya zura zare a allura?"

Ya juya safar yana duba ɗinkin.

"Tun sati na uku nake wanke su. Wasa shida kuka ci da safa mai tsabta. In kora ce, ga ni, sai ka nemo wadda za ta iya da warin yaranka."

Koci ya daɗe yana sosa ƙeya. "Shida?"

"Ka ƙirga."

Ya ƙirga da yatsu. Ya ce kada maganar ta fita daga ofishin, don ba ya so yaran su ji. Ta ce dama ba ta zo don a ji ba.

A watan Agusta aka liƙa sunayen masu shiga bas, na Cleophus yana layi na biyu. Ya leƙo ɗakin wanki yana washe baki.

"Mis Verna, kin gani? Koci ya gane ba zai iya ba sai da ni."

"Ai kuwa," ta ce, tana ninke tawul. "Matsa, kana tare min haske."